Yara sun ce sai sun taimaki dabbobi a hutun nan, ina mafita?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. 'Yan biyuna sun ga bidiyon wani gida a ƙasar waje inda ake tara karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su, ana yi musu wanka ana ba su abinci har a samu mai ɗauka. Tun daga ranar suka hana ni sakat, wai sai na kai su irin wurin su yi aikin sa kai. Shekararsu tara. Ga hutu ya zo, ni kuma ba na so su wuni a kan waya. Me yaro kamar su zai iya yi wa dabba a nan Kano wanda ba zai jawo mana jinya ba?

Kawu Mai Shago: Wa alaikumus salam. Hajiya, miƙa musu tsintsiya su share tsakar gida, shi ma aikin sa kai ne. Mutane na fafutukar na tuwo, mu kuma muna zancen gidan marayun kyanwa.

Malam Na Islamiyya: Kawu, a yi mana afuwa, amma wannan zance ba na 'yan hutu ba ne kaɗai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Sun kuma ruwaito mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya, ashe muna da lada a kan dabbobi? Aka ce musu akwai lada a kan duk mai rai. Yaron da ya zo da kansa yana neman wannan ƙofa, ba a rufe masa ita. Tausayin maƙwabci mai yunwa kuma yana nan daram, babu wanda ya ce a ɗauke shi a ba kyanwa.

Kawu Mai Shago: Na ji, Malam. Ni dai kada a wayi gari an cika mana layi da karnuka.

Yaya Ta Ingila: Maman 'Yan Biyu, bari in gaya miki yadda abin yake a nan, don bidiyo ba ya nuna komai. Waɗannan gidaje sun daɗe. Ƙungiyar RSPCA mai hana cutar da dabbobi tun 1824 take, gidan Battersea na Landan kuma tun 1860. Amma ko a nan ba a buɗe wa ɗan shekara tara keji a ce ya shiga wurin kare. Yawanci sai mutum ya kai 16 ko 18 kafin su karɓe shi aikin sa kai, saboda dabbar da aka tsinto a titi a tsorace take, kuma tsoro ke sa cizo. Abin da ƙanana ke yi shi ne su bi gidajen dangi su tara tsofaffin tawul da barguna, ko su soya cincin da kek su sayar a makaranta su kai kuɗin, ko su zana hoton dabbar da ke neman gida a manna a allon sanarwa. Wasu iyalai kuma suna karɓar ƙananan kyanwoyi riƙo na 'yan makonni kafin a samu mai ɗauka, a nan ne yara ke samun hannu sosai, su ne masu sa abinci da canja ruwa. A Amurka ma akwai wani gida a jihar Misuri da yara ke zama a bakin keji suna karanta wa karnuka littafi, don karen ya saba da muryar mutum ya daina ɓuya a lungu.

Anti Malama: Karatu ga kare! Allah Ya sa 'yan ajina su ji, ko sa riƙa karanta wa akuyar gidansu. Ni ko wa za su karanta wa na yarda, in dai za a buɗe littafin.

Yaya Ta Ingila: Anti, wallahi yana aiki ta ɓangare biyu, don kare ba ya yi wa yaro dariya in ya yi tuntuɓe a kalma. Amma ni shawarata kada a ce sai an kwaikwayi na nan. Tsarinsu daban ne. Tun 2016 doka ta wajabta a sa wa kowane kare 'yar ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar mai shi, kyanwoyi ma an sa su cikin dokar a Ingila a watan Yunin 2024. Mu kuwa dabbobinmu marasa gata ba a keji suke ba, suna bayan gida, suna kan bola, suna bakin kasuwa. Can aikin yake.

Dakta: Salamu alaikum. Kafin a ci gaba, ina roƙon kowace uwa ta karanta wannan da kyau, don shi ne abin da ya fi damuna in aka haɗa yara da dabbobin titi. Cutar haukan kare tana nan a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Kafin su bayyana kuwa, allura na tare ta.

Dalilin da ya sa ta fi cin yara biyu ne. Na farko gajeru ne, cizon kan same su a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa. Na biyu, suna ɓoyewa. Yaro ya san an hana shi wasa da kare, ɗan kwikwiyo ya yaƙushe shi ko ya ɗan cije shi a yatsa, sai ya ja bakinsa ya yi shiru don tsoron bulala. Bayan wata ɗaya ko biyu a ga yaro yana firgita in an miƙa masa ruwa, a ce iska ce.

Saboda haka abu na farko da za ki koya wa 'yan biyu ba ciyarwa ba ne. Ki yi musu alkawari, ki kuma cika, cewa duk wanda dabba ta ciza ko ta yaƙusa ya zo ya faɗa ba za a dake shi ba. Sannan a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, a wuce asibiti a ranar. Ba a shafa toka, ba a ɗaure da tsumma a jira gobe. Kyanwa ma tana iya ɗauke da cutar.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Dakta, ka sa jikina ya yi sanyi. To in hana su ke nan?

Dakta: A'a Hajiya, raba aikin za ki yi. Taɓa dabbar da ba a sani ba na manya ne. Kallo da kawo rahoto na yara ne, kuma sun fi mu iyawa, don su suka san kowane lungu. Su suka san karyar da ta haihu a kangon bayan masallaci, da gidan da aka ɗaure kare a rana babu ruwa. Su faɗa wa babba, babba ya yi magana da mai shi ko ya kira ma'aikacin dabbobi. In kuma akwai masu kare a unguwa, 'yan farauta ko masu gadi, yara na iya zama 'yan aike su tuna musu da rigakafi. Ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan allurar a nan gida. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a irin lokacin akan samu inda ake yi kyauta ko da rahusa, sai a sa kunne. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa.

Ɗan Mahauta: Ni ba boko gare ni ba, amma zan faɗi abin da idona ke gani a kwata. Hajiya, in kina son aikin da yaranki za su yi yau ba gobe ba, su tsinci leda. Wallahi sau da yawa in muka farke tumbin saniya ko akuya, abin da ke ciki sai ka riƙe baki. Leda baƙa, ledar ruwa, igiyar buhu, tsumma, duk sun naɗe sun dunƙule sun yi tauri, sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗago. Ledar da aka zuba alale ko awara ko mai a ciki ita suka fi bi, don ƙanshin abincin na jiki. Dabba ta haɗiye, ba ta narkewa, ba ta fita. Sai ka ga akuya ana ba ta dusa ana ba ta harawa, amma kullum ƙara ramewa take, gashi ya tashi, ciki ya yi tulu. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza, daga ƙarshe ya kawo mana ita a rabin kuɗi. Yawanci kuma akuyar wata tsohuwa ce ko bazawara da ta ajiye don ranar buƙata.

Kawu Mai Shago: Wannan kam gaskiya ne. Yanzu aka zo wurin da ya shafi aljihu.

Ɗan Mahauta: To ka gani, Kawu. Kuma daga shagonka rabin ledar ke fitowa.

Kawu Mai Shago: Kai dai Allah Ya shirye ka. Zan ajiye buhu a ƙofar shago, duk yaron da ya cika shi yana da alewa.

Anti Malama: Na riƙe ka da wannan, Kawu. Sai dai a sa musu takalmi, a ba su ɗan sanda mai tsini ko su sa hannu cikin wata ledar, saboda kwalba da reza. A wanke hannu da sabulu in an dawo.

Nawa ƙarin shi ne ruwa. Watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda garin nan yake. A makarantarmu mun sa fasasshen kasko a gindin dalbejiya, kowane aji da ranarsa ta zuba ruwa. Mara zurfi ake so, a jefa dutse ɗaya a tsakiya don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa. Kullum a zubar da na jiya a ɗauraye, in ba haka ba sauro za a yi kiwo. Abin da ya ba ni mamaki, yaran da suka fi kowa yawo da danƙo a aljihu su ne suka koma masu gadin kaskon. Da yaro ya zauna ya ga kurciya tana shan ruwa taku biyar daga inda yake, ya fara cewa wannan tawa ce, hannunsa ba ya zuwa aljihu.

Malam Na Islamiyya: Madalla da Anti. Batun danƙon nan a riƙa faɗa musu a sarari. Ya tabbata a Muslim an hana mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud, sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa tana ta shawagi a kansu, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Yaranmu kuwa ƙadangare suke ɗaurewa da zare suna ja, mu wuce muna dariya. Ni a aji nakan ba da waɗannan hadisai a matsayin hadda, sannan in ce kowa ya zo mini da abu ɗaya da ya yi da su a cikin mako.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Kun yi ta zancen kare da mussa kun mance da wanda ya fi kowa wahala, jaki. A wajenmu yara ne ke kora shi, ɗiban ruwa, yashi, itace, kai kaya kasuwa. Don haka in ana son a taimaki jaki, yaron da ke bayansa za a yi wa magana. Abu uku nake gaya wa 'ya'yan ƙannena. In an sauke kaya a cire akumari a duba bayan, in ya goge ya yi ja a bar shi ya huta, a ƙara tsumma mai laushi. Kada a zuba baƙin mai na inji a kan gyambo, ruwan gishiri mai tsabta ya fi. Sannan mangala ta daidaita, kada gefe guda ya rinjayi ɗaya. Jaki ba ya kuka don ciwo, shiru yake yi ya sunkuyar da kai, mutane su ce taurin kai ne su ƙara masa sanda.

Kuma yanzu jaki ya yi tsada saboda fatarsa da ake kaiwa Sin ana yin magani da ita. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Wanda ke da ɗaya ya riƙe shi da kyau.

Amarya: Don Allah ni tambayata ta gaggawa ce. Ƙanin mijina ɗan shekara goma ya kwaso 'ya'yan kyanwa uku daga cikin tsohon firji a gareji, idonsu ko buɗewa bai yi ba. Sai kuka suke. Na dama musu madarar gari sun ƙi sha.

Dakta: Amarya, a mayar da su inda aka ɗauko su yanzu-yanzu, a ja da baya. Idon da bai buɗe ba yana nufin ba su wuce kwana goma ba. Uwar tana kusa, nema ta fita, kuma ba za ta dawo ba muddin mutane na tsaye a wurin. A tabbatar ƙofar firjin ba za ta rufe a kansu ba, a tokare ta ko a cire. A barbaɗa ɗan gari a ƙasa kewaye da wurin, in an dawo bayan awa uku ko huɗu za a ga sawunta. Aikin yaron shi ne ya ajiye wa uwar ruwa da abinci ɗan nesa kaɗan, kan kifi dafaffe ko guntun nama mara yaji. Uwa mai shayarwa in ta ƙoshi ta gama muku aikin.

Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, zawo take sa su, kuma zawo na kashe jaririn kyanwa cikin kwana ɗaya ko biyu. In har ta tabbata uwar ta mutu, sai a nemo madarar da aka yi don su a shagon kayan dabbobi, a ba su da sirinji mara allura duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, suna kwance a kan cikinsu ba a rigingine ba. A sa su a kwali da tsumma da gorar ruwan ɗumi a naɗe, don sanyi kan riga yunwa kashe su. Bayan kowane ci a shafa ƙasansu da auduga mai ɗumi, ba sa iya fitsari da kansu. Kin ga wannan ba aikin ɗan shekara goma ba ne shi kaɗai. Sai sun kai wata biyu ake raba su da uwa a ba masu so.

Amarya: An mayar, Dakta. Yaron yana ta kumbure-kumbure, na ce shi ne mai kai abinci.

Hajiya Babba: Ku yaran zamani komai sai an rubuta muku. Mu da muka taso kowace yarinya da 'yar akuyarta ko kazarta, kowane yaro da tantabarunsa. Kafin ka karya sai ka ba dabbarka, in ka manta kaka ta tuna maka da murfin kwano. Maman 'Yan Biyu, ki saya musu kaji biyu ko zomo, ki ce nasu ne, abinci da shara duk a wuyansu. Sai dai ki sani in makaranta ta koma rabin aikin kanki zai dawo. In ba za ki iya ba kada ki fara, don dabbar da aka ɗaure aka manta ta fi ta titi shan wuya. Ga layya na tafe, su fara da ragon babansu: inuwa, ruwa safe da yamma, igiya mai tsawon da zai iya kwanciya. Kuma a hana su hawansa da haɗa shi karo da na maƙwabta.

Dakta: Hajiya ta gama magana. Ƙari kaɗan: kada yara su juye wa rago ragowar tuwo ko shinkafa ko hatsi mai yawa lokaci guda don so, cikinsa zai kumbura, yana iya mutuwa a daren. Zomo kuma ba a ɗaga shi ta kunne, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu. In kaji ne, a yi musu rigakafin ciwon nan da ke share su lokacin hunturu, ɗigo ne a ido, ba shi da tsada.

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya saka da alheri. Kasko da buhun Kawu za mu fara gobe, zomo sai na shawarci babansu. Na kuma ce in sun yi mako biyu ba fashi zan kai su gidan zu na Audu Bako.

Anti Malama: In kun je ki sa ido, kada su bi sahun masu jefa wa birai biskit da ledarsa ko tsokanar su da kara.

Kawu Mai Shago: Dakta, tunda kana kusa. Akwai wata kyanwa da ke kwana a shagona, ba tawa ba ce, ɓeraye take kama mini. Kwana biyu sai susa take, gashin wuyanta ya zube. Yaron shago ya ce a ɗiga mata fiya-fiya.

Ɗan Mahauta: Ashe mai cewa a ba yara tsintsiya yana da marainiya a shago.

Kawu Mai Shago: Ma'aikaciya ce, ba marainiya ba.

Dakta: Kawu, kada fiya-fiya ta kusance ta, za ta lashe ta mutu, kuma guba ce ga yaron da zai ɗiga. Haka maganin ƙumar kare, wasunsu na kashe kyanwa. Farasitamol ma ko rabin ƙwaya kada a ba ta. In kana sa maganin ɓera a shagon ka daina, don in ta ci ɓeran da ya ci shi ita ma ya same ta. Zubewar gashin na iya zama ƙuma, yana iya zama makero, shi kuma yana kama mutane, don haka yara su daina ɗaukarta sai an duba. Ka kai ta asibitin dabbobi da safe, a yi mata rigakafin haukan kare a tafiya ɗaya.

Kawu Mai Shago: A buhu zan sa ta?

Dakta: A'a, kwando mai murfi ko kwali mai huji, ka shimfiɗa tsumma a ciki, ka ɗaure murfin da igiya. Kada ka buɗe a cikin Keke Napep ko ta yi kuka.